Ta Arba'in a Rajistar Kawu

9 ga Janairu

'Yata,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, da fatan wannan takarda za ta same ki lafiya. Mu dai mun gode Allah. Gwiwata ta hagu tana nan tana yi mini gardama kamar kullum, matakalar majami'a guda uku sai na tsaya sau biyu kafin in gama ta. Uwargidana Mamanku kuwa hawan jinin ya ɗan sauka tun da aka canza mata magani, har ta koma faɗa da kowa. Na rubuto ne maimakon in kira ki, kin san kunnena da waya ba sa shiri.

Fom ɗin ƙidayar ikilisiya na bana ya iso daga hedkwata. Shekara talatin da ɗaya ina magatakardan wannan majami'a, ban taɓa ganin irinsa ba. Da can tambaya ɗaya ce, mutum nawa ne a rajista, in rubuta saba'in da huɗu in sa hannu. Yanzu an ce sai na jera sunan kowa, in sa masa lamba a gurbin da ke gaban sunan, kuma ga shafi huɗu a baya na bayanin kalmomi. Mai rajista daban, mai halarta daban, mai rajista biyu daban, wanda ya janye daban, har da wani wai mabiyi a ɓoye. Da na duba ƙasan shafi na ga sunan cibiyar bincikenku, sai na ce wa Mamanku, wannan hannun 'yarki ne, tun tana ƙarama ba ta iya cewa akuya sai ta faɗi launinta.

To, ga abin da ya tayar mini da hankali. Tare da fom ɗin akwai sanarwa cewa duk majami'ar da masu halartarta ba su kai arba'in ba, za a rufe ta a haɗe ta da ta gari. Kin san nisan, mota biyu ne, ga gangaren nan bayan tasha. Rabin mutanenmu sun haura sittin. Idan aka rufe, yawancinsu sun gama zuwa sujada ke nan har su mutu.

Bayaninku ya ce mai halarta shi ne wanda ya zo sujada aƙalla sau goma sha biyu a shekarar da ta wuce. Na zauna da littafin halarta kwana uku, na sami talatin da biyar. Bayanin ya kuma ce wanda aiki ya kai shi nesa ana ƙirga shi a gida, muddin faston inda yake zuwa ya sa hannu a takardar baƙunci. Na bi huɗu daga cikin yaranmu na birni, duk sun aiko. Talatin da tara ke nan. Ke ce ta arba'in.

Don haka ki kai wa fastonku takardar da na saka a cikin ambulan ɗin nan, ya sa hannu ya buga hatimi, ki ba direban motar Juma'a. Fom zai tafi ƙarshen Fabrairu, amma ni hankalina ba zai kwanta ba sai na gan ta a hannuna.

Kawunki

21 ga Janairu

Kawu,

Na sami takardarka, na yi murnar jin Mama ta samu sauƙi. Don Allah ka riƙa amfani da sandar nan da na aiko maka, ba ado na saya wa bango ba. Ni ma lafiya, sai mura da ta kama ni saboda fankar ofis da ke saitin kaina.

Ba ka yi kuskure ba, ni na rubuta shafukan nan huɗu. Cibiyarmu tana ƙidayar mabiya addinai duka, ba Kiristoci kaɗai ba, hedkwatarku kuma ta ba mu aikin tsara mata fom da shigar da amsoshi a kwamfuta. Dalilin rarraba kalmomin shi ne, da muka tara rajistocin gunduma ɗaya muka ga Kiristocinta sun fi mutanen gundumar yawa. Mutum ɗaya an yi masa baftisma a ƙauye, ya yi aure a gari, ya koma birni, majami'u uku na ƙirga shi, wani ma ya rasu tun shekara shida amma yana nan daram a takarda. Wata biyu muka yi muna jayayya a kan mai halarta. Ogana ya ce sau ashirin da huɗu, abokiyar aikina ta ce sau shida, ni na ce sha biyu, sau ɗaya a wata, aka yarda da nawa. Har daɗi na ji ranar.

Amma maganar arba'in ɗin nan ban san da ita ba, Kawu, sai a takardarka. Babu wanda ya ce mana da bayanin namu za a rufe majami'u. Da na karanta sai da na fita baranda na tsaya.

Ka sake duba shafi na uku. Mara lafiyan da ba ya iya tashi, idan ana kai masa gurasa da ƙoƙon Jibin Ubangiji gida, mai halarta ne. Ka ƙirga su? Sannan Tela fa? Na san shi da wasa da zuwa, amma sau sha biyu a shekara ba wani abu ba ne. Akwai kuma malamar asibiti da ke aikin Lahadi, ko ita ma ka duba layinta da kyau. Na tabbata idan ka bi littafin a hankali za ka sami mutum ɗaya.

Game da tawa takardar kuwa, kada ka dogara da ita. Ka nemi na arba'in ɗinka a nan gida tukuna.

Ka gaishe da Mama da kowa da kowa.

'Yarka

30 ga Janairu

'Yata,

Muna lafiya, ina fatan murar ta sake ki. Sanda ina riƙe ta, sai dai idan zan shiga majami'a nakan jingine ta a bayan ƙofa.

Kina ganin kamar ban iya karatu ba ne? Marasa lafiya uku suna cikin talatin da biyar ɗin tun farko. Malamar asibiti sau bakwai ta zo. Tela kuwa sau goma sha ɗaya, na ƙirga da yatsa har sau uku. Akwai wata Lahadi a watan Yuni da ya iso bayan addu'ar rufewa, mutane na fitowa shi yana shiga, yana share zufa. Jiya ya zo har gida yana cewa ai ƙafarsa ta taka majami'a, in sa masa alama kawai, wa zai sani. Na ce masa ni na sani. Tun ranar da na karɓi littafin nan, da an fara wa'azi nake rufe shi, ko faston gunduma ne ya makara ba ya shiga. Ba zan buɗe shi bayan wata bakwai in ƙara alama da wani biro daban ba.

Yanzu mu dawo kanki. Na karanta layin nan naki ya fi sau goma, wai kada in dogara da takardarki. Na ba Mamanku ta karanta, ita ma abin da na fahimta ta fahimta: kin mayar da rajistarki wata babbar majami'a a birni, irin masu allon nan da fitilu, kina jin nauyin gaya mini. Idan haka ne, kin zama mai rajista biyu ke nan, lamba huɗu a fom ɗinku, kuma su za su ƙirga ki ba mu ba.

Ba zan ɓoye miki ba, abin ya yi mini zafi. Ni na rubuta sunanki a rajistar nan kina da wata biyu, layi ɗaya a ƙasan na mahaifiyarki, ƙanwata, Allah ya ji ƙanta. Mutum yana da 'yancin ya koma inda ya ga dama, amma ai sai a nemi takardar sallama, a zo a ce Kawu ga abin da ake ciki. Ba a bar tsoho ya tsinci labari a cikin layi ɗaya ba.

Duk da haka akwai gyara. Ki ce musu su ɗage rajistar zuwa bayan Fabrairu, su sa miki hannu a matsayin baƙuwa, tunda dai kina zuwa. Bayan ƙidaya ni da kaina zan rubuta miki sallama, ba tare da na ce uffan ba.

Kawunki

14 ga Fabrairu

'Yata,

Juma'a biyu ke nan ina zuwa tasha, direba yana ganina daga nesa sai ya girgiza kai. Lafiya kuwa? Mamanku ta kira ki sau huɗu, wayar na shiga ba a ɗauka. Ita ta ce fushi kike yi da maganar da na rubuta, ni kuma ina tsoron ko murar nan ce ta zama wani abu. Idan maganata ce ta yi kaifi, ki yi haƙuri, kin san bakina.

Labari ya riga ya bazu. Ranar Lahadi bayan sujada babu wanda ya tashi, kowa ya zuba mini ido. Na ce musu saura takarda ɗaya kuma tana hanya, ta 'yata ce. Sai suka yi ajiyar zuciya, don kowa ya san ki. Iya, wadda ta koya muku waƙa kuna yara, yanzu shekararta tamanin da huɗu, ta kama hannun rigata ta ce ita ba ta taɓa shiga mota biyu a rana ɗaya ba, kuma ba yanzu za ta fara ba. Ta ce in gaya miki tana yi miki addu'a kullum.

Saura kwana goma sha huɗu. Abinci ma ba ya yi mini daɗi. Ko layi ɗaya ne ki rubuto, in san kina raye.

Kawunki

19 ga Fabrairu

Kawu,

Ina lafiya, mura ta tafi tuntuni, kuma ba fushi nake yi ba. Na ga kiran Mama duka huɗun, ina riƙe da wayar har ta katse. Ku yafe mini. Takarda biyar na fara na yaga.

Ban mayar da rajistata ko'ina ba. Ba ni da fasto, Kawu. Shekara huɗu ke nan rabona da shiga majami'a, in ban da ɗaurin auren abokan aiki biyu da jana'iza ɗaya.

Na san za ka tambayi abin da aka yi mini. Babu wanda ya yi mini komai. Wata Lahadi na gaji ban je ba, ta biyu ma haka, sai na lura ban ji kewar komai ba, wannan ne ya tsorata ni. Na yi ta jira kewar ta zo. Idan na durƙusa addu'a sai in ji kamar ina karanta wa ɗaki takarda. Ban ce babu Allah ba, ban isa ba. Amma idan ka tsayar da ni ka ce in faɗi abin da na gaskata, ban san me zan ce maka ba. Duk zuwan da na yi gida a shekarun nan, da gangan nake isowa Litinin in koma Asabar, ina ce maka aiki ne.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, ni na zaɓi sha biyun nan da bakina. Da na bar abokiyar aikina ta yi nasara da shidanta, da Tela da malamar asibiti duk sun shiga, da ba ka ma neme ni ba. Na je wurin Oga na roƙe shi a sassauta, ya ce an riga an buga fom dubu uku, ba a canza ma'anar kalma a tsakiyar ƙidaya. Gaskiya ya faɗa, ni ma abin da nake koya wa sababbin ma'aikata ke nan.

Za ka ga takardar baƙuncin a cikin ambulan ɗin nan, da sa hannu da hatimi. Mijin yayar abokiyar aikina fasto ne. Na je ofishinsa ranar Talata, na gaya masa za a rufe wa tsofaffi majami'a, ya dube ni ya daɗe, sannan ya sa hannu bai tambaye ni komai ba. Bai taɓa ganina a sujadarsa ba ko sau ɗaya. Takardar ƙarya ce, Kawu. Na so in aiko ta shiru, ka yi murna, Iya ta yi murna, magana ta wuce. Har na liƙe ambulan, sai na kasa, na sake buɗewa na saka wannan.

Babu wanda zai gano, na san yadda ake tantancewa, ni ce mai yi. Ga ta nan a hannunka, ka yi abin da ka ga ya dace. Ina jin kunya ƙwarai, kuma ina tsoron amsarka.

'Yarka

27 ga Fabrairu

Kawu,

Ina fatan kuna lafiya. Direba ya tabbatar mini hannu da hannu ya ba ka takardata, kuma yau Juma'a ya dawo babu komai. Yanzu ni ce nake kiran Mama ba a ɗauka. Na cancanci haka, amma don Allah ka ce wani abu, ko zagi ne. Gobe ne rana ta ƙarshe.

'Yarka

2 ga Maris

'Yata,

Muna nan da rai. Mamanku ta yi kwana biyu a kwance, yanzu ta tashi. Ba ƙin ɗaukar wayarki ta yi ba, ta ce idan ta ji muryarki kuka za ta yi, kuma likita ya hana ta tashin hankali.

Takardar nan ta yi kwana bakwai a aljihun rigata. Kada ki ɗauka ban so yin amfani da ita ba. Sau biyu na ɗauki biro na kai kan layinki. Hatimin mai kyau ne, ya fi na sauran huɗun fitowa. Na tuna Iya, na tuna gangaren bayan tasha, na ce wa kaina ai Allah ya san dalili. Amma na hana Tela alama ɗaya a kan Lahadin da ya zo da ƙafarsa yana zufa. Da wane ido zan kalle shi idan na ba 'yata sha biyu a kan Lahadin da ba ta zo ba? Na mayar miki da ita, ki kai wa mutumin nan abinsa.

Fom ya tafi ranar Asabar. Na gaya wa dattawan ikilisiya cewa takarda ta arba'in ba ta samu ba, ban faɗi dalili ba, su ma ba su tambaya ba. Sun ɗauka laifin ofishin birni ne. Sai fushin ya koma kan Tela. Yau da safe Iya ta tsaya a bakin shagonsa ta ce barcinsa na safe ɗaya ya rufe mana majami'a, mata biyu kuma sun je sun karɓe yadinsu ba a ɗinka ba. Shi kuwa ya sunkuyar da kai kan keken ɗinkinsa. Ina tsaye ina ji, ban kāre shi ba.

Saura magana ɗaya. Gurbin da ke gaban sunanki na bar shi babu komai. Lamba uku ta ce mai rajista wanda ba ya halarta. Lamba biyar ta ce wanda ya janye, wato ya bayyana da baki ko a rubuce cewa ya bar bangaskiya, kuma shi ana cire sunansa daga rajista. Na karanta takardarki har ta fara yagewa a ninki, ban gane ko bayyanawar ke nan ba ko kuwa kuka ne kawai. Ba zan zaɓa miki ba. Ke kika rubuta kalmomin, fom ɗin kuma teburinki zai zo.

Kin ce in zage ki. Ba ni da zagi. Baƙin ciki nake yi, kuma rabinsa a kan kaina ne, da na yi shekara huɗu ban lura 'yata ba ta kwana a gidana ranar Asabar ba.

Kawunki

11 ga Maris

Kawu,

Na gode da ka rubuto. Ka ce wa Mama ta sha maganinta a kan lokaci, ba sai ta yi mini magana yanzu ba. Takardar faston na mayar masa, ya karɓa ya saka a aljihun tebur.

Fom ɗinku ya iso jiya da safe, cikin ɗaurin gundumarku, shi ne na goma sha bakwai. Tun kafin in ga sunan majami'a na gane rubutunka. Abokiyar aikina ta ce in ba ta ta shigar, na ce a'a. Na bi sunayen ɗaya bayan ɗaya, kowa na san fuskarsa da kujerar da yake zama, har na kai layina.

Kwamfutar ba ta karɓar gurbi babu komai, sai an sa lamba take wucewa. A ƙasan allo jimillar masu halarta tana nuna talatin da tara. Da na danna lamba ɗaya, ta mai halarta, da ta koma arba'in nan take, kuma takardun baƙunci ni ce mai duba su. Na kai kusan rabin awa zaune, har Oga ya leƙo ya tambaya ko injin ne ya tsaya.

Uku na sa, Kawu. Ban sa biyar ba, don ban kai can ba, kuma ban so a cire ni daga ƙasan sunan mahaifiyata. Iyakar abin da na sani ke nan a yanzu. Layin majami'arku ya koma ja, ya shiga jerin da za a aika hedkwata ranar Litinin. Ku ashirin da shida ne a jerin. Na rubuta wa Oga takarda a kan yadda ake amfani da bayaninmu, ya ce zai kai ta gaba, amma kada ka sa rai a kanta.

Maganar Tela ce ta hana ni sukuni. Kada ka ce wa kowa komai, ba kai za ka ɗauki wannan ba. Na karɓi hutu, zan shigo motar Juma'a, kuma ba zan koma ba sai Litinin. Ranar Lahadi bayan addu'ar rufewa ka roƙi mutane su ɗan zauna, ka sa Iya a gaba inda za ta ji da kyau. Ni zan tashi in gaya musu wace ce ta arba'in ɗin.

'Yarka